Legas: Birnin da Ya Gagari Masu Ƙidaya

A ƙidayar 2006 an ce mutanen jihar Legas miliyan 9 ne da 'yan kai, Kano ta ɗara ta da kaɗan. Gwamnatin Legas ta yi tsalle ta dire ta ce ba ta yarda ba, ta fitar da nata lissafin na miliyan 17.5. Ƙidayar da aka shirya yi a 2023 kuwa ɗage ta aka yi.

Wannan gardama ba ta fatar baki ba ce. Da yawan jama'a ake auna wani ɓangare na kason kuɗin tarayya, da shi ake tsara ruwan famfo da asibiti da makaranta. Ga shi Legas ce mafi ƙanƙantar jiha a Nijeriya, wani yankinta ma ruwa ne. Shi ya sa a Makoko gidajen katako ke tsaye kan turaku a tsakiyar ruwa, yara na tafiya makaranta cikin kwalekwale.

An mayar da babban birnin ƙasa daga Legas zuwa Abuja a 1991, amma kuɗi bai bi ayarin ba. Tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Can suna nan, hedikwatocin yawancin bankuna suna nan, ga matatar Ɗangote a Lekki, wadda aka ƙaddamar a 2023 da ƙarfin tace ganga 650,000 a rana.

A ganina dai, ƙarfin Legas yana hannun waɗanda ba a rubuta sunansu a ofishin kowa ba. Je ka kasuwar Mile 12 da asuba. Tireloli daga Kano da Sakkwato sun kwana a hanya, 'yan dako na sauke kwandunan tumatir da buhunan albasa, dillali na ciniki da Bayarabiya rabi Hausa rabi Yarbanci. A mayankar Oko-Oba da ke Agege ma, yawancin shanun da ake yankawa daga Arewa suka zo. Da yawan waɗannan ma'aikata a rumfa ko ƙarƙashin gada suke kwana, kuma abin takaici ne a ce babu wani tsarin gidaje da ya san da zamansu.

An ga muhimmancin wannan fatauci a watan Fabrairun 2021: bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, fataken abinci da dabbobi na Arewa sun dakatar da kai kaya Kudu. Cikin 'yan kwanaki farashin tumatir da nama ya yi tashin gwauron zabi a Legas, a Arewa kuma tumatirin ya riƙa ruɓewa a hannun manoma.