Ziza Iri Biyu: Gyaran Jita a Ƙasar Gurmi

A kan kwaltar da ta ratsa Gidan Rumji, ta gifta ta gefen Maradi, ta bi Cadawa da Agye da Gazawa ta nufi Tasawa, da wuya ka rasa mai gyaran abin da ya lalace maka. Ga mai faci, ga mai gyaran salula, ga mai liƙin bokiti da wuta. Amma ka rungumi jita mai ciwo ka bi rumfuna ɗaya bayan ɗaya, ka ga yadda za a riƙa tura ka gaba. Kafinta zai ce katako ne, amma ba irin nasa ba. Mai rediyo zai ce in waya ce ta tsinke a ciki, kawo. Sauran kuwa tsakaninka da Allah. Don haka duk mai jita a wannan yanki, ya so ko ya ƙi, shi ne makanikinta.

Abin ba baƙo ba ne a ƙasar Gobir da Katsinar Maradi. Makaɗin gurmi bai taɓa sanin wani wuri da ake kai gurmi gyara ba. Shi ke zaɓen ƙoƙonsa tun duma na kan yaɗo, ya jira ya ƙosa, ya fafe, ya jiƙa fata ya rufa ta tana ɗanya don in ta bushe ta ɗame kanta. Fatar ma ba sai ya yi nisa ba, tunda nan ne gidan jar akuyar Maradi wadda fatarta ta yi suna har Turai. Mai goge kuwa fatar guza yake nema, da izgar doki, da ɗan ƙaron da zai riƙa goga wa izgar don ta kama. A Tsibiri, garin da Gobirawa suka kafa bayan yaƙin Gawakuke na 1836, inda Inna ke shugabantar 'yan bori, in tsarkiya ta ba mai goge matsala ana tsakar wasa, nan zai gyara abinsa masu ƙwarya na riƙe masa kiɗa. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da gwangwanin kifi da fata da tsarkiya guda ya yi suna.

Jita, ko gitar yadda 'yan Nijar suka fi faɗa, ta shigo ta ƙofofi dabam-dabam. Akwai ƙofar majami'a: 'yan mishan na SIM sun sauka a Tsibiri tun 1927, a Agye kuma akwai makarantar Littafi Mai Tsarki, kuma inda duk matasa ke waƙar taro, jita ba ta nisa. Akwai ƙofar kiɗan zamani, da gasar Ɗan Gurmu da aka soma a 1986, da irin su marigayi Sa'adu Bori na Maradi da ya ɗora waƙoƙin bori a kan jitar lantarki. Sai ta baya-bayan nan, kiɗan Buzaye da ya riƙa yawo daga salula zuwa salula. Mdou Moctar, ɗan yankin Abalak wanda yau yake cika dandali a Amurka, da hannunsa ya haɗa jitarsa ta farko, da wayar birkin keke a matsayin tsarkiya. Jitocin da ke isowa ƙauyukan nan galibi na hannu ne, sun sha duniya kafin su zo.

Abin da ya raba jita da danginta na gida shi ne ƙarafan nan da aka gicciya a wuyanta, waɗanda 'yan lakwal ke ce wa firet. Wuyan gurmi sumul yake. Sautin na cikin yatsan makaɗi da kunnensa. In ya ji ya kauce, sai ya ɗan gusa. A jita kuwa an riga an dasa sautin cikin ƙarfe, kuma da lissafi aka dasa shi. Ana raba tsawon tsarkiya da 17.817, abin da ya fita shi ne tazarar ƙarfen farko, a cire, a sake raba saura, haka har ƙarshe. In tsarkiya milimita 650 ce, ƙarfen farko yana kan 36 da rabi, na 12 ya faɗo daidai tsakiya, a 325. Tsayin kowane ƙarfe wajen milimita guda ne. Ɗaya ya ɗara maƙwabcinsa da kaurin takarda, shi ke nan, tsarkiya ta riƙa dukansa tana ziza.

Cikin hunturu na zauna da wani saurayi, yaron tela, a zauren gidansu a Gazawa. Jitarsa ce ke wannan kukan daga ƙarfe na uku zuwa na biyar. Kawunsa na kishingiɗe a gefe, tsoho ne da ya yi ƙuruciyarsa yana kaɗa wa mafarauta garaya.

"Kawu, ka ji ta ko? Duk nan wurin ziza take."

Tsohon ya saurara, ya ce a sake. Aka sake. "To ɗan nan, mene ne laifinta? Mu da kuɗinmu muke zuwa wurin maƙeri ya yi mana ceba don garaya ta yi wannan kukan. Kai Allah ya ba ka kyauta, kana neman magani."

Na yi dariya, amma na daɗe ina juya maganar. Ceba, ɗan faifan ƙarfen nan mai zobba da ake soka wa garaya a ka, zizarta hawa take kan sauti ta ƙara masa jiki, har mai nesa ya ji. Kunnen Bahaushe ya saba da wannan ƙaiƙayin a kiɗa, yana ma nemansa. Zizar firet kuwa cin sautin take: tsarkiya na son ta yi lilo, ƙarfe ya tare ta, sautin ya mutu kafin ya miƙe. A kunnen tsohon 'yan uwa ne. A yatsan yaron, ɗaya ado ce, ɗaya cuta.

Ga yadda ya yi maganinta, kuma a ganina ya bi hanya.

Bai fara da guga ba, kuma nan ne wayonsa. Yawancin masu ɓata jita suna jin ziza sai su ɗauko magagari. Shi sai da ya rufe ido ɗaya ya leƙa wuyan daga kai zuwa ciki, yadda magini ke duban katanga. Cikin wuyan jitar da ke ɗaukar tsarkiyar ƙarfe akwai wani sandan ƙarfe mai noti, dabarar da kamfanin Gibson ya nemi rajistarta a 1921. Aikinsa ja-in-ja da tsarkiyoyi, waɗanda su shida ke jan wuyan da nauyin wajen kilo 70, dare da rana. In aka ɗaure notin wuya ya miƙe, in aka sassauta ya ɗan rusuna. Ba a yi masa juyin notin taya. Kwatan zagaye, a dakata, a duba. Sau da yawa ziza a nan take ƙarewa, ba a taɓa ƙarfe ko ɗaya ba.

Tasa ba ta ƙare ba. Sai ya kwance tsarkiyoyi, ya daidaita wuyan ya zama miƙaƙƙe sak, ya ɗauko wuƙar reza mai kauri ya riƙa ɗora bakinta a kan ƙarafa uku-uku. Inda suke daidai, reza ta zauna daram. Da ya zo kan na biyar da maƙwabtansa sai ta yi ɗan rawa, ƙyat-ƙyat. Ga mai laifin. Ya danna gefensa da farce sai ya ga yana lotsawa yana dawowa, wato ba tsawo ya yi ba, tashi ya yi daga raminsa saboda katako ya bushe ya sake shi. Wanda ya goge irin wannan ƙarfen ya yi aikin banza, don a ƙarƙashin guga zai kwanta, a ɗaga hannu ya sake miƙewa. Ɗigon gam a gefe, ɗan katako a kai, bugu biyu marasa ƙarfi da ƙaramar guduma, ya koma gidansa.

Saura ƙarafan farko, waɗanda shekaru suka yi wa kwarmi a daidai inda yatsu suka fi zama. Ƙarfen firet ba shi da taurin tsarkiya. Haɗin jan ƙarfe ne da nikel da tutiya, na jita mai araha ma farin tagulla ne zalla, mai saurin ci. Tunda ba a iya cike kwarmi, dole a sauko da kowa zuwa inda mafi gajarta yake.

Ya rufe katakon da ke tsakanin ƙarafan da salatif, ya shafa wa kan kowanne baƙin maka. Sannan ya fito da abin da ya fi burge ni a duk kayan aikinsa: guntun gilashin taga mai kauri, tsawon taƙi, wanda ya roƙa wurin masu yanka gilashi a Maradi, ya manna masa samfefa mai laushi. Katako yana iya yi maka ƙarya, gilashi ba ya yi. Ya riƙa tura shi daga kai zuwa ciki, ba dannawa, nauyin gilashin kawai, yana bin ɗan doron da wuyan ke da shi daga gefe zuwa gefe. Bayan tura biyar ko shida sai ya ɗaga ya duba. Inda baƙin ya goge, gilashi ya taɓa. Inda ya rage, da saura. Mintin da baƙi na ƙarshe ya ɓace daga kan ƙarfe na biyu, ya ajiye gilashin nesa da shi kamar mai gudun jaraba. Tura goma na ƙari a nan shi ake kira gyaran gangar Abzinawa, ko da yake a zancen jita Abzinawan ne yanzu malamanmu.

Aikin da ya fi cin rai yana gaba. Guga ta bar kan kowane ƙarfe a baje, tsarkiya kuwa tana bukatar tsini guda da za ta zauna a kai, in ba haka ba lissafin 17.817 ɗin nan ya tashi a banza. Ya sake shafa baƙi, ya ɗauki ƙaramin magagari mai kusurwa uku wanda ya riga ya dasashe kaifin gefunansa a kan dutse don kada ya ci katako, ya riƙa zaftare kafaɗun kowane ƙarfe, dama da hagu, har baƙin ya rage siriri kamar zare a tsakiya. Ƙarfe ashirin, ɗaya bayan ɗaya. Aka kira azahar yana na bakwai. Aka kira la'asar bai gama sulɓe su da samfefa mafi laushi ba.

Abin da tsohon ya fi fahimta nan take shi ne zancen yanayi, don shi ma ya sha fama. Da damina fatar garaya kan saki, sai an kanga ta a wuta ko an shanya ta a hantsi kafin ta yi magana. Jita kuwa rani ne abokin gabarta. Masu ƙera ta suna so ta zauna inda laimar iska ke tsakanin kashi 45 da 55 cikin ɗari. Hunturun Maradi kan sauko da ita ƙasa da 20. Katako ya tsuke, ƙarfe bai tsuke ba, sai bakunan firet su fito suna yankan hannu, fuskar jita ta lotsa, tsarkiya ta kwanto kan ƙarafa, wani lokaci katakon ya tsage. In bazara ta zo, zafin ɗakin kwano ya sassauta gam. Maganin mai arha ne: jiƙaƙƙen soso cikin gidan sabulu mai huji, a sa a jakar jitar, a ajiye ta a ɗakin ƙasa kusa da randa. Saurayin nan har jaki biyu gare shi, wato ɗan ƙashin da tsarkiyoyi ke hawa a kan cikin jita, sunan da ya aro daga goge. Dogo na rani, gajere na damina. Da ƙashin ƙafar sa ya yi su, ya karɓo wurin mahauta, ya dafa da garin sabulu har maiƙon ya fita, ya shanya a inuwa, ya yanka da zarto.

Tsarkiya ce babbar wahala, don sai an aika birni. Wasu na tafasa tsofaffi su fid da dattin gumi, su ƙara 'yan kwanaki. Wasu na warware wayar birki su zare silin guda ya tsaya a madadin ta ƙasa, mai siririyar murya. Zaren kamun kifi yana yi wa jitar roba, amma jitar lantarki ba ta jinsa sam, don maganaɗisun da ke cikinta ƙarfe kaɗai yake ji. Ni ma na taɓa yin tawa wautar ina ɗalibi. Na ari jitar wani, irin mai tsarkiyar roba, wadda aka gina don ɗaukar kilo 40 ko kusa da haka, na ga tsarkiyoyinta sun tsufa, na yi masa gwaninta na ɗaura na ƙarfe. Kwana uku tana daɗi. A dare na huɗu muka ji fas! kamar an taka ƙwarya, gindin jakin ya ɓalle da ɓawon katako a jikinsa. Mun shirya da mai ita, amma bai sake ba ni aron ko biro ba.

Gab da magariba yaron ya mayar da tsarkiyoyi, ya saita, ya ɗan sassauta notin wuya har ya bar ratar da katin ziyara zai shiga a tsakiya, ya gwada kowace tsarkiya a sake sannan a kan ƙarfe na 12 ya ji ko sun amsa wa juna. Ya bi wuyan tun daga sama har ƙasa. Tas, ko ƙis.

Ya miƙa wa kawunsa da hannu biyu. Tsohon ya ɗora ta a cinya yadda ake riƙe garaya, ya yi watsi da tsarkiya huɗu, ya kama biyu da farcen babban yatsa ya ɗauko wani taken mafarauta. Ya kaɗa ya kai ƙarshe, ya tsaya, ya karkata kai.

"Ta warke," in ji shi. "Sai dai ta yi shiru da yawa. Kai, samo mini marfin kwalba biyu da 'yar waya."

"Kawu, ban da ƙusa dai."

Da zare suka ɗaura su a kanta.