Wa Ke Biyan Mai Ba da Maki? Leƙe Cikin Littattafan Giyar Inabi

A shekarar 2008 wani marubuci Ba'amurke, Robin Goldstein, ya ƙago gidan cin abinci a birnin Milan na Italiya, gidan da babu bango balle tukunya. Ya buɗe masa shafi a intanet, ya tsara sunayen giyar inabin da wai ake sayarwa a ciki, har da waɗanda mujallar Wine Spectator ta taɓa kushewa da bakinta. Ya aika mata takardu haɗe da dala 250. Ba a daɗe ba sai ga lambar yabo.

Akasarinmu ba mashaya ba ne, kuma haramcin giya a Musulunci ba abin ja-in-ja ba ne. Sai dai a wannan kasuwa ce Turawa suka fi daɗewa suna fama da tambayar da kowane mai saye ya sani: maganar wa za a kama game da amfanin gona da ƙasar da ta fitar da shi?

A Faransa galibi sunan yanki ake kiran giyar da shi, ba sunan inabin ba. Fotugal ta shata iyakar yankin Douro tun 1756, Faransa kuma ta kafa hukumar kare sunayen yankuna a 1935. Wanda ya san yadda albasar Galmi ta yi suna har ake laƙaba sunan ga wadda ba ta taɓa ganin Galmi ba, ya riga ya gane dalili. Doka takan tabbatar da inda abu ya fito, amma ba ta rantsuwa a kan kyansa. Nan ne littattafan jagora suka sami wurin zama.

Iri biyu ne, kuma bai kamata a gwama su ba. Akwai masu bayyana ƙasa, irin su The World Atlas of Wine na Hugh Johnson, wanda ya fara fitowa a 1971, daga baya Jancis Robinson ta shigo aikin, da The Oxford Companion to Wine na 1994. Waɗannan taswira suke bayarwa, da bayanin ruwan sama da tudu da nau'in turɓaya. A ganina su ne suka fi cancantar a yarda da su, domin ba su da kwalbar da suke tallatawa. Abin dubawa a nan shekarar bugu ce, tun da gonaki na sauya hannu, zafi kuma yana tura noman inabi arewa har kudancin Ingila.

Na biyun su ne masu ba da maki, kuma a nan gizo ke saƙar. Jerin darajar gonaki na hukuma da ya fi kowanne tsufa a yankin Bordeaux na Faransa an yi shi ne a 1855, lokacin Napoleon na Uku, don baje kolin Faris. Dillalai ne suka tsara shi, bisa farashin da kowace gona ke samu a kasuwa. Tun daga nan babban sauyi ɗaya aka yi masa, a 1973, da aka ɗaga gonar Mouton Rothschild zuwa sahun farko. Wato mai dogaro da shi yau, farashin zamanin kakannin kakanni yake karantawa.

Abin da suna ke yi wa harshe ya fito fili a 1976. Wani ɗan kasuwa Bature, Steven Spurrier, ya tara ƙwararrun Faransa a Faris, aka ɓoye musu sunayen kwalabe. Da aka ƙirga maki, giyar Kalifoniya ce a sama, fara da ja. Alƙalan ba su so haka ba, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Saboda haka tambayar farko ga kowane littafin maki ita ce: da suna a rufe aka ɗanɗana, ko a buɗe? Guide Hachette na Faransa a rufe yake yi.

Ta biyu, wa ke biyan kuɗin? Robert Parker, lauya daga jihar Maryland, ya fara fitar da The Wine Advocate a 1978 ba tare da karɓar talla ba, masu karatu kaɗai ke biya. Ma'auninsa na maki 100 ya yi ƙarfin da har aka riƙa zargin wasu masu gonaki da sauya yadda suke sarrafa giyarsu don ta dace da harshen mutum ɗaya. Ya tsere wa masu talla, sai shi kansa ya zama abin da ke juya kasuwa. Parker ya yi ritaya a 2019, kuma a shekarar ce kamfanin taya na Michelin ya kammala sayen mujallar.