Dogon Gilashi Da Mai Ƙafa Uku: Yadda Ake Ɗaukar Hoton Tsuntsayen Daji

Dattawan da suka daɗe suna cin Babbar Kasuwa ta Katsina sun san lokacin da ungulu take cika wajen mahauta. Tana tsaye a kan rumfa, tana jiran hanji da ƙashi, har sai an kore ta da sanda. Yau mutum yana iya yin wata guda yana zuwa kasuwa bai ga ko ɗaya ba. Shirwa tana nan, hankaka ma yana nan, amma ungulu ta yi wuya. A shekarar 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya ta sa irin ungulun da ke zama cikin garuruwanmu a jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Ana kashe ta don sayar da kanta da ƙafafunta ga masu magani, ana sa mata guba a mushe, kuma an sare manyan itatuwan da take sheƙa a kansu.

Masu bincike ba su iya sanin tsuntsu ya ragu sai sun ƙirga shi, shekara bayan shekara. Hoto shi ne shaidarsu. Don haka ne wani lokaci jama'a kan ga baƙo a bakin madatsar ruwa, kamar ta Jibiya ko Zobe ko Ajiwa, ya kafa wani abu mai ƙafa uku, ya ɗora masa doguwar kyamara, ya nuna ta wajen ruwa. Daga nesa abin yana kama da bindiga. A wannan zamani da ɓarayin daji suka hana ƙauyuka barci, ba laifin kowa ba ne idan gabansa ya faɗi. Amma tsoro yana iya sa a taɓa wanda bai ji ba bai gani ba. Shi ya sa ya kamata a san kayan nan da aikinsu.

Gilashin da ke jawo nesa kusa

Tsuntsun daji ba ya tsayawa a matso shi. Zalɓe da dinya suna tashi tun mutum yana nesa. Idan aka ɗauke su da kyamarar wayar hannu, irin wadda ake saya a kasuwa, sai su fito kamar ɗigon tawada. Saboda haka ake amfani da dogon gilashi. Wanda ya taɓa zuwa kallon hawan Sallah a Ƙofar Soro ya ga irinsa a hannun 'yan jarida.

Cikin wannan bututu akwai jerin gilasai da aka goge. Suna tattara haske daga abin da ke nesa, su ƙara masa girma. Ana auna ƙarfinsa da milimita. Gilashi mai milimita 50 yana nuna abu kusan yadda ido yake ganinsa. Mai milimita 600 yana ƙara girman abu sau 12 a kan haka. Wato shamuwar da ke nisan taku 120 za ta fito kamar tana taku 10. Masu hoton tsuntsaye sun fi amfani da mai 400 zuwa 600.

Matsalarsa biyu ce, bayan tsada, domin manyansa miliyoyin naira ne. Ta farko nauyi. Babban gilashi tare da kyamararsa yana kai kilo 4 zuwa 6, kusan nauyin tiya biyu ta gero. Ɗaga tiya biyu ba wuya, amma riƙe ta a daidai ido na tsawon sa'a guda sai wanda ya gwada. Ta biyu rawar hannu. Yadda gilashin yake ƙara girman tsuntsu, haka yake ƙara girman motsin hannu. Ko numfashin mai ɗauka yana iya sa hoton ya fito dishi-dishi.

Dabarar jigo

Mai ƙafa uku shi ke ɗauke nauyin. To amma idan aka ɗaure kyamara tam a kansa, ba za ta iya bin tsuntsu ba in ya tashi. Idan kuma aka sassauta ta, sai dogon gilashin ya rinjaya gaba ya kife, wani lokaci har ya datse yatsa ko ya kayar da komai ƙasa.

Maganin wannan shi ne wani kai na ƙarfe da ake ɗaurawa a bisa ƙafafun, wanda ake kira gimbal. Mai lambu da ya taɓa ban ruwa da jigo ya riga ya san sirrinsa. A jigo, guga yana gefe ɗaya, curin laka ko dutse yana ɗaya gefen, sanda kuma ta rataya a tsakiya. Da yake nauyin ya daidaita, ko yaro yana iya jawo guga cike da ruwa. Haka gimbal yake. Yana da hannu mai lanƙwasa, gilashin yana zama a kan wani ɗan faranti da ke lilo a jikin hannun. Mai hoto zai riƙa tura gilashin gaba ko baya a kan farantin, har sai nauyin gaba da na baya sun zo ɗaya, kamar sikelin mai auna nama. Sai ya ɗaure.

Daga nan abin mamaki yake farawa. Da yatsa biyu ana juya wannan kaya mai nauyi sama ko ƙasa, dama ko hagu. In an sake shi, sai ya tsaya cak inda aka bar shi. Idan balbela ta taso daga bayan shanu, mai hoto zai bi ta da gilashin a hankali, kamar yadda ido yake bin ta. Kyamarar kuma ana saita ta ta buɗe ido ta rufe cikin kashi 1 bisa 1,000 na daƙiƙa, ko 1 bisa 2,000, don fukafukai su fito sarai.

Sauran aikin haƙuri ne. Ana fita bayan sallar asuba zuwa hantsi, ko daga la'asar zuwa faɗuwar rana, lokacin da tsuntsaye ke kiwo. Da tsakar rana zafin ƙasa yana tashi, iska tana rawa, hoton nesa ba ya kyau. Mai hoto yakan sa rana a bayansa, ya sa tufafi masu launin ƙasa, ya zauna shiru. Ƙurar hunturu babbar abokiyar gabarsa ce, shi ya sa ake ganinsa yana rufe kayansa da zane. Na kirki a cikinsu ba ya matsawa kusa da sheƙa, domin uwa in ta tsorata ta bar ƙwai, rana ko hankaka za su gama da su.

Ina hotunan suke zuwa?

Nijeriya tana da tsuntsaye fiye da iri 900. Wasu 'yan gida ne, wasu baƙi. Shamuwa tana zuwa gab da damina, ta yi sheƙa a itatuwan cikin gari, ta koma kudu idan ruwa ya ɗauke. Manoma sun daɗe suna karanta zuwanta. Wasu kuma daga Turai suke tasowa, su ƙetare hamadar Sahara, su yi lokacin sanyi a fadamun Haɗeja da Nguru. Wurin da aka fi sani shi ne Dagona, kusa da Gashuwa a Jihar Yobe, sai Baturiya a Jihar Jigawa. A shekarar 2000 aka sa tafkin Nguru cikin jerin fadamun da duniya ta amince a kiyaye, kuma shi ne na farko a ƙasar nan.

Akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis kusa da Jos, wadda ke aiki tare da Jami'ar Jos tun 2001. A 2015 aka fara aikin zana taswirar tsuntsayen Nijeriya, inda masu sa kai suke zagaya ƙasa suna rubuta abin da suka gani. Da irin wannan ƙirge ake gane cewa gauraka, wanda kakanni suka saba jin kukansa a fadama, ya kusa ɓacewa daga arewa.

Wani zai ce ina ruwan talaka da ungulu. Ungulu ita ce mai sharar da ba a biya. Tana cinye mushe kafin ya ruɓe, cikinta kuma yana kashe ƙwayoyin cuta. A ƙasar Indiya, cikin shekarun 1990, wani maganin dabbobi ya kashe fiye da kashi 90 bisa 100 na ungulayensu. Mushe ya yi yawa, karnukan da ba su da mai su suka ƙaru, ciwon haukan kare ya ƙaru da su.

Haƙƙi ne a kan baƙo mai kyamara ya fara zuwa wurin mai unguwa ko dagaci, ya nuna takardarsa, ya faɗi abin da ya kawo shi, a haɗa shi da ɗan gari. Wanda ya ƙi yin haka shi ya jawo wa kansa zargi. Bai kamata ya juya gilashinsa wajen gidaje ko matan da ke ɗiban ruwa ba. Su kuma jama'a, in hankalinsu bai kwanta ba, su sanar da mai gari ko jami'an tsaro, kada su ɗauki doka a hannu. Hanya mafi sauƙi ita ce a ce ya nuna hotunan da ya ɗauka, domin kyamarorin yanzu suna nuna su nan take a bayansu.

Masunta da mafarauta kan tsinci tsuntsu da ɗan zoben ƙarfe a ƙafa. Ba laya ba ce. Masu bincike ne suka sa shi, wataƙila a Jamus ko Ingila, kuma akwai lamba a jikinsa. Wanda ya iya karatu ya kwafi lambar da rubutun da ke jiki, ya rubuta ranar da sunan wurin, ya kai wa malamin daji ko malamin gona na yankinsa.