Linux da firinta: abin da ya kamata a duba kafin a sauya manhaja

Tun daga ranar 14 ga Oktoba, 2025, lokacin da kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da yake bai wa Windows 10, masu tsofaffin kwamfutocin da ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba suka shiga neman mafita. Ɗaya daga cikin hanyoyin ita ce komawa Linux, babbar manhajar da ake samu kyauta, kamar Ubuntu ko Linux Mint. Sai dai ga mai shagon buga takardu ko magatakardan ofis, tambayar farko ita ce ko firinta za ta yi aiki, domin ranar da ta tsaya, ciniki ma ya tsaya.

Amsar ta dogara ne da shekarun na'urar. Manhajar da ke kula da bugu a Linux ita ce CUPS, wadda Michael Sweet ya fitar a 1999, kamfanin Apple ya saye ta a 2007, yanzu kuma ƙungiyar OpenPrinting ce ke raya ta domin Linux. Sababbin firintoci masu alamar AirPrint ko Mopria ba sa buƙatar direba, wato ƙaramar manhajar da ke fassara wa firinta umarnin kwamfuta. Da zarar an haɗa su da kwamfuta a kan Wi-Fi ɗaya, sunansu kan bayyana da kansa.

Tsofaffin firintoci ne ke neman haƙuri. HP LaserJet 1020 da P1102, waɗanda har yanzu ake gani a shaguna da ofisoshi, suna aiki da manhajar HPLIP, amma sai an ƙara musu wani ɓangare da ake saukewa daga intanet ta hanyar umarnin hp-plugin. Idan babu shi, kwamfuta za ta ga firintar, takarda kuwa ba za ta fito ba. Canon LBP2900 tana buƙatar direban CAPT daga shafin kamfanin Canon, kuma girka shi ya fi wuya.

Bayan an haɗa, akwai shafin kula da firinta da ake buɗewa ta rubuta localhost:631 a burauza. A nan ake buga shafin gwaji, a tabbatar girman takarda A4 ne ba Letter ta Amurka ba, a kuma sake tayar da firintar da ta dakata bayan ɗaukewar wuta.

Hanya mafi aminci ita ce gwaji kafin sauyi. Ana iya kunna Ubuntu daga filashi ba tare da an taɓa Windows ɗin da ke kan kwamfutar ba, a jona firintar, a buga shafi ɗaya. Idan ya fito, sai a girka. Idan bai fito ba, a nemo direban tukuna.