Jiki a Nan, Hankali a Can: Hattara da Shagalar Zuci

Mutum yakan karanta shafi guda har ƙarshe, a tambaye shi abin da ya karanta ya rasa ta cewa. Wani ya shiga ɗaki ɗauko abu, sai ya tsaya yana sosa ƙeya. Mai salla ma yakan rasa raka'a ta nawa yake, shi ya sa aka tanadi ƙabli da ba'adi. Babu wanda ya tsira daga wannan hali, amma mutane kaɗan ne suka san yawansa da irin ɓarnar da yake yi.

A shekarar 2010, masana halayyar ɗan Adam biyu na Jami'ar Harvard a Amurka, Matthew Killingsworth da Daniel Gilbert, sun bibiyi mutum 2,250 ta wayar iPhone. Wayar kan tambayi mutum ba zato: me kake yi yanzu, ina tunaninka yake, yaya kake ji? Sakamakon ya nuna kusan kashi 47 cikin ɗari na lokacin, hankalin mutane ba ya kan abin da ke gabansu. Sun kuma gano cewa an fi samun walwala idan hankali na tare da aiki.

Ma'ajiyar ƙarama ce

Ƙwaƙwalwa tana da wata ma'ajiya ta wucin gadi, wadda Alan Baddeley da Graham Hitch na Birtaniya suka yi bayaninta a 1974. Da ita kake riƙe lambar waya kafin ka rubuta, da ita ɗan tireda ke lissafin canji a ka. A 1956 George Miller ya ƙiyasta tana ɗaukar abu bakwai, amma a 2001 Nelson Cowan ya nuna abin kusan huɗu ne kawai. Kamar tafin hannu take: in ka damƙi wani abu, sai wani ya zube. Saboda haka idan tunanin kuɗin makarantar yara ya kutso, wurin aikin da kake yi ya ƙwace.

Mutane sun bambanta wajen tsare wannan ma'ajiya. A 2007 Michael Kane da abokan aikinsa a Jami'ar North Carolina da ke Greensboro sun ba ɗalibai 124 na'urar da ke tambayarsu sau takwas a rana har mako guda. Idan aiki ya yi wuya, masu ƙarfin ma'ajiya sun fi iya tsare hankalinsu, masu rauninta kuwa sai tunani ya kwashe su. Ke nan ba shagalar kanta ce matsala ba. Matsalar ita ce kasa dawo da hankali a lokacin da ake buƙatarsa.

Inda haɗarin yake

A birnin Bordeaux na Faransa, an tambayi direbobi 955 da aka kai asibiti bayan hatsari. Rahoton da ya fito a 2012 ya ce fiye da rabinsu hankalinsu ya tafi wani wuri dab da faruwar abin. Waɗanda suka yi zurfi cikin tunani kuwa, yiwuwar a ce su ne da laifi ta ninka sau biyu. David Strayer na Jami'ar Utah ya ƙara nuna cewa hira a waya ana tuƙi tana rage lura ko da ba a riƙe wayar a hannu ba, domin hankali ne hirar ke cinyewa, ba hannu ba. Taura biyu ba ta taunuwa. Wannan gargaɗi ya shafi direban mota da ɗan acaɓa da mai injin markaɗe da uwar da ke auna wa jariri magani.

Damuwa da rashin barci suna ƙara ta'azzara abin. A 2013 an wallafa bincike kan manoman rake 464 a jihar Tamil Nadu ta Indiya. Kafin girbi, lokacin da aljihu ya bushe, sun kasa a gwajin tunani. Bayan an biya su, su ɗin dai suka yi ƙoƙari sosai. Don haka kafin ka kira wani sakarai, ka tuna wataƙila wani nauyi ne ya cika masa kai.

Me ya kamata a yi?

Na farko, ka sauke wa kai kaya. Abin da ke damunka, rubuta shi tare da lokacin da za ka yi shi, domin abin da aka tsara yakan daina kai-komo a zuci. Na biyu, idan aiki na buƙatar natsuwa, ajiye waya nesa. Na uku, yanka dogon aiki gunduwa-gunduwa, ka riƙa hutawa. Direban doguwar hanya da ya lura ya wuce gari bai sani ba, ya tsaya ya huta. Na huɗu, mai karatu ya riƙa rufe littafi yana faɗin abin da ya fahimta da bakinsa.

A yi hattara da masu tallan manhajar "ƙara kaifin ƙwaƙwalwa". A 2016 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta sa kamfanin Lumosity, mai irin wannan manhaja, ya biya dala miliyan 2 saboda alƙawuran da ba su da hujja.

Shagala tana da ranarta: lokacin shara ko wanki, takan haifar da dabara da tsarin gobe. Amma iyaye da malamai su lura. Yaron da kullum ba ya iya natsuwa, ko wanda kan ƙura ido na 'yan daƙiƙoƙi ana kiransa ba ya amsawa, asibiti yake buƙata ba bulala ba, domin akwai nau'in farfaɗiya mai zuwa a haka. Babban da tunanin baƙin ciki ya hana shi aiki da barci makonni, shi ma ya ga likita. Rigakafi ya fi magani.