Awon Zafin Jiki a Wajen Jinya

Idan uwa ta ɗora hannu a goshin ɗanta ta ce jikinsa ya yi zafi, to ta yi awo, sai dai hannu ba ya faɗin iyakar zafin. Wannan aikin ma'auni ne. A shekarar 1868 wani likita Bajamushe, Carl Wunderlich, ya tsayar da digiri 37 na Salshiyas a matsayin zafin jikin mai lafiya. Idan ya kai 38, an shiga zazzaɓi.

Sau da yawa bakin majinyaci kan saɓa wa ma'auni. Mai zazzaɓin cizon sauro yakan yi ta rawar ɗari yana neman bargo, alhali kuwa a lokacin ne zafinsa ke hawa.

Ba zafi kaɗai ake dubawa ba. Akan auna ƙarfin bugun jini, a ƙirga bugun jijiyar wuyan hannu, wanda ga baligi yakan kama daga 60 zuwa 100 a minti ɗaya, sannan numfashi, 12 zuwa 20. Shi numfashi a sace ake ƙirga shi, domin da zarar mutum ya gane ana kallon ƙirjinsa, sai ya sake yadda yake shaƙar iska.