Inda Mai Koyon Jita Yake Tuntuɓe

Duk matashin da ya rungumi jita a karon farko a Bauchi, ko a wani zaure ne a Zungur, ko a ɗakin ɗalibai a Gwallameji, ko a harabar coci a Yelwa, abin da yake fara nema shi ne jerin kod. Kod sautuka ne uku ko fiye da ake kaɗawa tare su ba da amo guda, kuma da wannan suna makaɗan jita suke kiransa a ko'ina. Sai ka ga yaro ya cika wayarsa da hotunan kod hamsin, ya haddace mazaunin kowane yatsa, amma wata uku ta wuce bai iya raka waƙa ko ɗaya daga farko har ƙarshe ba. Daga nan sai a rataye jitar a ƙusa, ƙura ta lulluɓe ta, a ce ai abin baiwa ne. Alhali an bar jaki ne ana dukan taiki. Riƙe kod abu ne da yatsu kan saba da shi cikin 'yan kwanaki. Abin da ya raba mai koyo da makaɗi shi ne ɗan taƙin da ke tsakanin kod ɗaya da na gabansa, wato sauya hannu ba tare da kiɗa ya yanke ba.

Lissafi kaɗan ya isa ya nuna haka. Jita tana da tsirkiya shida, ana ƙirga su daga mafi siranta, wadda take ƙasa, zuwa mafi kauri. A wuyanta akwai ƙananan ƙarafa da aka gitta, su suka raba shi gaɓa-gaɓa. Waƙa mai matsakaicin sauri takan yi bugu 120 a minti, ke nan kowane bugu rabin daƙiƙa ne, kuma dole hannun hagu ya bar kod ɗaya ya sauka a kan wani cikin ƙasa da wannan. Sabon shiga kuwa yatsa ɗai-ɗai yake ajiyewa: ya sa manuniya, ya leƙa, ya sa na tsakiya, ya sake leƙawa, kafin na uku ya zauna daƙiƙa biyu sun tafi, bugu huɗu ke nan suka faɗa rami. Kunnen Bahaushe ya san wannan laifi tun kafin jita ta zo. A filin biki, mai kalangu yana iya ɗan kauce wa sauti masu rawa su yafe masa, amma ya kuskura ya saki bugu, nan take ƙafafu za su tsaya, idanu su koma kansa.

Maganin yana farawa ne daga lura da abin da kod biyu suka yi tarayya a kansa. Ɗauki kod biyun da ake kira Am da C. A Am, manuniya tana kan tsirkiya ta biyu a gaɓar farko, yatsan tsakiya yana kan ta huɗu a gaɓa ta biyu, yatsan zobe yana kan ta uku a gaɓa ta biyu. Idan za a koma C, manuniya da na tsakiya ba inda za su. Yatsan zobe kaɗai zai tashi ya miƙa zuwa tsirkiya ta biyar a gaɓa ta uku. Wanda bai lura ba sai ya ɗage hannunsa duka ya sake gini daga tushe, ya yi aikin yatsa uku a inda ɗaya ya wadatar. Tsakanin Am da E kuma siffar hannu ba ta canzawa sam, ana ɗaga yatsun uku ne a dunƙule a matsar da su tsirkiya ɗaya zuwa sama, kamar mai ɗaukar hatimi daga wannan takarda ya buga a waccan. Tsakanin D da G, idan aka riƙe G da yatsu huɗu, yatsan zobe yana nan kafe a tsirkiya ta biyu, gaɓa ta uku, sauran su kewaya shi kamar akuya da turke. Hoton kod a waya ba ya nuna ko ɗaya daga cikin waɗannan, domin hoto yana nuna wurin sauka ne, ba ya nuna hanya.

Kod ɗin da ake bukata ma ba su da yawa. Makaɗan coci da suka tashi da do-re-mi sun san cewa do, fa da so suna ɗaukar waƙoƙi ba adadi. Idan aka kafa waƙa a kan G, su ne G, C da D, a ƙara Em mai yatsa biyu kacal a samu huɗu. Kiɗan hailaif da yawa a kan irin wannan zagaye yake tafiya. Saboda haka aikin mai koyo a watannin farko shi ne ya ɗauki kod biyu, ya sa agogo, ya ƙirga sau nawa zai iya kai da komo tsakaninsu a minti ɗaya, ya rubuta adadin, gobe ya sake. Bayan haka ya kunna manhajar da ke buga lokaci, ya saita ta a bugu 60, ya ba kowane kod bugu huɗu. Doka ɗaya ce a nan: hannun dama ba ya tsayawa. Ko hagu ya makara, ko sautin ya fito a shaƙe, dama ya ci gaba da sauka da tashi, hagu ya bi shi da gudu. Gwanaye ma sukan ɗage yatsunsu a shafar ƙarshe ta sama, tsirkiyoyi su yi ƙara a sake na ƙiftawar ido, kuma mai sauraro ba ya jin komai sai kiɗa yana gudana. Minti goma sha biyar kullum a kan wannan sun fi awa biyu ranar Asabar kaɗai, domin hannu da maimaici yake koyo, kuma sannu ba ta hana zuwa.

Wani zai ce, kuma maganarsa tana da nauyi, ai kiɗan Hausa ba a kan kod aka gina shi ba, me ya kai mu? Gaskiya ne. Garaya tsirkiya biyu gare ta, kukumar su Hassan Wayam ɗaya, kuntigin Ɗan Maraya Jos ɗaya tal, kuma da ita ya riƙe ƙasar nan har rasuwarsa a 2015. Abin da ke ɗauke da waƙarmu shi ne murya, amshi da kari. Sai dai in an duba da kyau, wannan hujja tana ƙarfafa batunmu ne. Dubi waɗanda suka mayar da jita 'yar gida a yankin Sahel. Ali Farka Touré na Niafunké a Mali, wanda ya rasu a 2006, da kayan kiɗa masu tsirkiya ɗaya ya fara, sannan ya kwashe salonsu ya ɗora a kan jita, har faifansa da Ry Cooder na 1994 ya ci kyautar Grammy. 'Yan ƙungiyar Tinariwen sun ci tasu a 2012. Mdou Moctar na Nijar da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, kuma a Sakkwato ya naɗi faifansa na farko a 2008. Saurari waɗannan mutane, za ka ji waƙa tana iya zama a kan kod ɗaya ko biyu na tsawon mintuna, abin da ke riƙe da ita shi ne bugun da ba ya gocewa. Wani abin sha'awa kuma, yawancin waƙoƙin yankin nan a kan sautuka biyar suke yawo, kuma idan aka kafa su a kan A, su ne A, C, D, E da G. Am da C sun ƙunshi huɗu daga ciki, na biyar ɗin kuwa tsirkiya ta huɗu ce a sake. Wanda ya mallaki sauyin nan guda ɗaya, waƙar gida tana ƙarƙashin yatsunsa.

Wani kuma zai ce laifin jitar ne, ko na yatsu masu zafi. Akwai gaskiya a ciki. Jita mai araha, musamman ta gwanjo, sau da yawa tsirkiyoyinta sun yi nesa da wuya, sai an danna da ƙarfin gaske, kuma hannun da ya ƙage ba ya sauri. Hunturun Bauchi yana busar da katako, zafin bazara yana taɓa tsirkiya, saiti ya goce. Don haka a saita ta duk lokacin da aka ɗauka, akwai manhajoji na kyauta da ke yin wannan. A yanke farcen hagu, a danna dab da bayan ƙarfen gaɓa inda ba a bukatar ƙarfi sosai, wanda ya samu mai tsirkiyar nailan ya fara da ita. Zafin kan yatsa kuwa makonni kaɗan ne, kanta ta fito a huta. Shi kuma F, wanda manuniya ke kwanciya ta danne tsirkiyoyi shida gaba ɗaya, ya kori masu koyo da yawa don kawai sun tare shi da wuri. A bar shi tukuna, ba gudu zai yi ba.

Batun hukuncin kiɗa da irin kallon da jama'a ke yi wa makaɗi magana ce ta daban, malamai sun daɗe suna yin ta. Wannan rubutu na wanda ya riga ya ɗauki jitar ne. Ƙorafin da ya fi damun irin wannan mutum shi ne gundura, ga bidiyoyi a YouTube suna alkawarin waƙa goma a mako, shi kuma an ɗaure shi a kan kod biyu. Ɗan Zungur bai kamata ya yi mamakin wannan horo ba. Malam Sa'adu Zungur, wanda ya rasu a 1958, ba da ganga ko garaya ake rera waƙoƙinsa ba, duk da haka kowane baiti a kan ma'auni yake tafiya, kuma ɗalibin da ya rera ya karya kari, ko ya haddace kalmomin tsaf, malami zai ce ya sake. Mai kod hamsin da ke tsayawa a kowace mahaɗa shi ne wannan ɗalibi.

Don haka ɗan'uwa mai koyo, yau da dare ka rufe hotunan nan, ka riƙe Am, ka sa agogo minti ɗaya, ka matsar da yatsan zobe zuwa C ka dawo. Ka rubuta adadin da ka samu a bayan littafi, kuma kada ka ƙara kod na uku sai ranar da hannunka na dama ya daina jiran na hagu.